Yadda Ake Ƙiyasta Shekarun Taurari da Sinadaransu a Galaksi Mai Nisa

Duk wanda ya taɓa raka mahaifinsa kasuwar dabbobi ana gab da Sallar Layya ya ga yadda dillali yake buɗe bakin rago, ya dubi haƙoransa, ya faɗi shekarunsa nan take. Masana taurari ma irin wannan dubawa suke yi, sai dai haƙoran da suke ƙirgawa wasu siraran layuka ne da ke cikin haske, kuma abin da ke gabansu garke ne guda wanda nisa ya hana a bambanta ɗaya da ɗaya a cikinsa. Wannan garke shi ake kira galaksi, wato tarin taurari da iskar gas da ƙura waɗanda nauyinsu ya ɗaure su wuri ɗaya. Na rubuta wannan jagora ne domin ɗaliban fizik na lise-lisen Damagaram da na Jami'ar André Salifou, da ma duk wanda yake da kwamfuta da haƙuri, saboda na daɗe ina jin ana cewa irin wannan aiki sai mai babbar na'urar hangen nesa, alhali hasken da manyan na'urori suka tattara yana ajiye a intanet kyauta, abin da ya rage kuma aikin lissafi ne da natsuwa.

Galaksin Andromeda, wanda ake iya hangowa da ido kamar ɗan gajimare idan aka fita bayan gari ta hanyar Mirriah a daren da babu farin wata, kafin hazon hunturu ya yi kauri, haskensa yakan yi shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya iso mana. Duk da haka maƙwabci ne, kuma tun 1944 Walter Baade ya iya rarrabe taurarin tsakiyarsa ɗaya-ɗaya da na'urar Dutsen Wilson a Amurka. Wanda muke magana a kansa a nan ya fi wannan nisa sau ɗaruruwa, ba a ganin komai daga gare shi sai dunƙulallen haske wanda tsofaffin taurari da sababbi suka zuba nasu a ciki. Aikinmu shi ne warware wannan gauraye.

Abin da ya kamata a fara gani da ido

A kunna murhun gas a ɗaki mai duhu, a yayyafa ɗan garin gishiri ko na kanwa a kan shuɗiyar wutar. Nan take za ta koma rawaya. Ko gishirin Bilma ne ko na kanti, launin ɗaya ne, domin sinadarin sodiyam da ke ciki yana fitar da haske a zango ɗaya da ba ya sauyawa, wajen angistirom 5890 da 5896. Angistirom ma'aunin tsawon zangon haske ne, kamar yadda masu sauraron rediyo suka san mita a gajeren zango, sai dai shi mita ɗaya aka raba gida miliyar 10, wato biliyan 10 a bakin maƙwabtanmu na Najeriya. Idon mutum yana gani daga wajen 4000, gefen shuɗi, zuwa wajen 7000, gefen ja. Bayan haka a ɗauki tsohon faifan CD a karkata shi ga hasken doguwar fitila mai farin bututu, za a ga launukan sun rabu tsiri-tsiri maimakon su haɗe kamar na bakan gizo. Kada a gwada wannan da rana kai tsaye, domin tana iya lahanta ido.

Hasken da aka baje haka bisa tsawon zango shi zan riƙa kira bakan haske. A 1814 Joseph Fraunhofer ya ƙirga baƙaƙen layuka fiye da 500 a bakan hasken rana, sai a wajen 1859 Gustav Kirchhoff da Robert Bunsen suka gano a Jamus cewa kowane sinadari yana da nasa layukan. Iskar gas mai zafi marar kauri takan fitar da su a matsayin layukan haske, kamar gishirinmu a wuta, amma idan sinadarin yana fatar tauraro sai ya shanye haske a daidai wuraren, ya bar layukan duhu. A 1925 Cecilia Payne ta nuna cewa taurari kusan duk haidurojin ne da hiliyam. A ranarmu, duk sauran sinadarai a haɗe ba su kai kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba, kuma masana taurari suna kiran su gaba ɗaya ƙarafa, har da oksijin da naitirojin waɗanda malamin kimiyyar sinadarai ba zai taɓa kira haka ba. Waɗannan ƙarafa a cikin taurari aka ƙera su, aka watsa su bayan taurarin sun mutu, saboda haka yawansu yana nuna zuriya nawa ta taurari ta shuɗe kafin wadda muke gani.

Batun shekaru kuwa ya rataya ne a kan abu ɗaya: tauraro mai nauyi yana da zafi, shuɗi ne, kuma ba ya daɗewa. Mafiya girma sukan ƙare cikin ƴan miliyoyin shekaru, mai nauyin rana biyu yakan yi wajen shekara miliyar 1, ita kuwa rana, mai shekara miliyar 4.6 yanzu, za ta yi kimanin miliyar 10. Kaza da Ƴaƴanta da muke gani da daddare a lokacin sanyi suna da shuɗin haske ne saboda shekarunsu ba su wuce miliyan 100 da ɗoriya ba. Garken da ya daina haihuwa sai shuɗayensa su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ya riƙa komawa ja.

Mataki na 1: samo bakan haske

Wuri mafi sauƙi shi ne shirin SDSS, wanda tun shekarar 2000 yake aiki da na'ura mai madubi na mita 2.5 a jihar Niyu Meziko ta Amurka, ya kuma tattara bakan hasken galaksi fiye da miliyan ɗaya. A shiga shafinsu mai suna SkyServer, a zaɓi galaksi mai siffar ƙwai, launinsa rawaya ko ja, wanda lambarsa ta z, wato ma'aunin gocewar haskensa da za mu gani a mataki na 2, take tsakanin 0.03 da 0.1. A fara da irin wannan domin taurarinsa sun fi kama da juna a shekaru, su kuwa masu hannuwa a murɗe a bar su sai hannu ya faɗa. A sauke ƙaramin nau'in fayil ɗin, wanda bai kai megabait ɗaya ba, don haka ko da intanet ɗin wayar hannu ana iya yi. Da Python da kayan aikin Astropy ake buɗe shi. Ginshiƙai uku ake buƙata: loglam, wanda shi ne logaritim ɗin tsawon zango, sai flux, ƙarfin haske, sai ivar, wanda daga gare shi ake samun girman kuskuren awo a kowane ɗigo. A raba ƙarfin hasken da kuskurensa, a ɗauki matsakaicin sakamakon. Idan bai kai 20 ba, a nemi wani galaksin, domin layukan ƙarafa ba su da zurfi, hayaniyar awo tana binne su da sauƙi.

Mataki na 2: mayar da layuka mazauninsu

Sararin samaniya yana faɗaɗa, saboda haka hasken da ya daɗe a hanya yakan iso a miƙe, kowane layi ya goce zuwa gefen ja. Girman gocewar shi ne z. Fayil ɗin yana ɗauke da lambar, amma ina ba da shawara a lissafa ta da hannu ko sau ɗaya. Layin haidurojin da ake kira Hα mazauninsa 6563 ne. Idan aka same shi a 7219, sai a cire 6563, a raba saura da 6563, a samu 0.1. A tabbatar da wasu layukan: tagwayen layukan kalsiyam na 3934 da 3968, waɗanda suka fi kowane layi fitowa a tsohon galaksi, dole su ba da lamba ɗaya. Daga nan a raba dukkan ginshiƙin tsawon zango da 1 + z. Galaksi mai z na 0.1 muna ganinsa ne yadda yake shekara wajen miliyar 1.3 da suka wuce, kuma duk shekarun da za mu lissafa na wancan lokacin ne.

Akwai ƙaramin tarko a nan. SDSS yana ba da tsawon zango kamar an auna a wurin da babu iska, inda Hα yake 6564.6, alhali lambobin da ke yawancin littattafai na cikin iska ne. Bambancin bai kai angistirom biyu ba a nan, amma ya isa ya karkatar da awon siririn layi, don haka a mayar da komai ma'auni ɗaya tun yanzu.

Mataki na 3: a zana, a duba, a share

A zana bakan a kalle shi da kyau kafin kowane lissafi. A cire ɗigogin da ivar ɗinsu sifili ne. A rufe wajen 5577 na ma'aunin asali, kafin a raba da 1 + z, domin wannan hasken oksijin ne na iskar duniyarmu. Sannan a lura ko akwai layukan haske masu tsini a Hα da kuma na oksijin a 5007 da 3727. Idan akwai, galaksin yana da iskar gas mai zafi, kuma za mu dawo kanta.

Mataki na 4: gangaren 4000

Awo na farko na shekaru shi ne mafi sauƙi, kuma ni shi na fi amincewa da shi ga mai koyo. A taurari masu sanyi irin rana, layukan ƙarafa suna cunkushe a ƙasan angistirom 4000, sai hasken ya faɗi kwatsam kamar matakala. A taurari masu zafi matakalar ba ta da tsawo. A ɗauki matsakaicin haske tsakanin 4000 da 4100, a raba shi da na tsakanin 3850 da 3950. Wannan ma'auni, wanda Michael Balogh da abokan aikinsa suka tsara a 1999, ana rubuta shi Dn4000. Kafin a ɗauki matsakaicin sai an ninka kowane ɗigo da murabba'in tsawon zangonsa, domin an ayyana ma'aunin bisa wani salon awon haske dabam da na fayil ɗin, kuma wanda ya manta zai samu lambar da ta gaza da wajen kashi 7 cikin 100. Idan sakamakon ya kasa 1.5, sababbin taurari ne suka mamaye hasken, ana kan haihuwa ko ba a daɗe da dainawa ba. Idan ya kusanci 2, garken ya tsufa, shekaru miliyar da dama ne.

A haɗa wannan da layin duhu na Hδ a 4102. Layukan haidurojin sun fi zurfi a taurari farare masu nauyin rana biyu ko makamancin haka, waɗanda ba sa wuce shekara miliyar 1. Galaksin da ke da Hδ mai zurfi sosai, babu kuma layukan haske, yana ba da labarin cewa an yi haihuwa mai yawa a cikinsa sannan ta tsaya cak cikin shekara miliyar ɗin da ta gabata. Guinevere Kauffmann da abokanta sun yi amfani da waɗannan awo biyu a 2003 a kan galaksi fiye da dubu 120 na SDSS.

Mataki na 5: raba tsufa da ƙarfe da ƙura

A nan ne aikin yake da wuya, kuma a nan nake so mai karatu ya rage sauri. Wata rana ina nuna wa ɗalibai hoton galaksi ja, na ce ya tsufa, sai wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai rana ma ja take da yamma idan an yi hazo, kuma ba tsufa ta ƙara ba." Gaskiyarta. Abu uku ne ke sa garken taurari ya yi ja. Na ɗaya tsufa. Na biyu ƙura, wadda take tare shuɗin haske fiye da ja, kamar dai yadda hazon watan Janairu yake mayar da rana jar tasa a kan duwatsun Birni. Na uku yawan ƙarafa, domin suna sa fatar tauraro ta yi sanyi, suna kuma shanye shuɗin haske. Guy Worthey ya lissafa a 1994 cewa ninka yawan ƙarafa sau biyu yana sauya haske kusan daidai da ninka shekaru sau uku. Ma'ana, garke mai shekara miliyar 4 da ƙarafa masu yawa yana iya kama da mai shekara miliyar 12 da rabin ƙarafan. Wanda ya dogara da launi kaɗai ba shi da hanyar bambanta su, kuma gangaren 4000 shi ma bai tsira gaba ɗaya ba, tunda layukan ƙarafa ne suka haƙa shi.

Ƙura ta fi sauƙin kaucewa. Tana rage haske a hankali daga ja zuwa shuɗi, saboda haka idan aka auna zurfin siririn layi ta hanyar kwatanta shi da hasken da ke gefensa na dama da na hagu, kusan ba ta shiga lissafin. Wannan ita ce hikimar ma'aunan Lick, waɗanda aka tsara a cibiyar duba taurari ta Lick a Kalifoniya. Kowane ma'auni yana da taga uku: ta tsakiya a kan layin, da biyu a gefe. A ɗauki matsakaicin haske a tagogin gefe, a ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, wanda shi ne hasken da za a gani da babu ramin, sannan a tara abin da ya ɓace a tagar tsakiya. Sakamakon yana fitowa da angistirom, wato faɗin da ramin zai yi da a ce baƙi ne ƙirin har ƙasa.

Domin raba tsufa da ƙarfe kuwa, sai an nemi shaidu biyu masu hali dabam. Layin Hβ na 4861, mai tagar tsakiya daga wajen 4848 zuwa 4877, shekaru ne suka fi motsa shi: wajen 1.5 a tsohon galaksi, sama da 2 idan akwai ƙuruciya. Layukan magniziyam na wajen 5175, da ake kira Mgb, da na baƙin ƙarfe a 5270 da 5335, yawan ƙarafa ne ya fi motsa su. Daniel Thomas da Claudia Maraston da Ralf Bender sun ba da hanyar haɗa su a 2003: a ninka awon 5270 da 0.72, a ninka na 5335 da 0.28, a tara, a ninka da Mgb, a ɗauki tushen murabba'i. Sai a zana Hβ a tsaye, wannan haɗin a kwance, a ɗora ragar samfurori a kai, wato hasken garken taurari da masana suka lissafa, wadda zarenta na tsaye da na kwance suke nuna shekaru dabam-dabam da yawan ƙarafa dabam-dabam. Inda ɗigon galaksinmu ya faɗa a cikin ragar, nan ne amsar. Zaren ragar ba sa haɗuwa a miƙe, a karkace suke, alamar cewa an rage ruɗanin ne kawai, kuma kuskure kaɗan a Hβ yana iya zama shekaru miliyar biyu ko uku a tsohon garke.

Abu biyu ne suka fi ɓata wannan awo. Taurarin babban galaksi suna yawo da gudun kilomita 200 zuwa 300 a daƙiƙa, wannan kuma yana baje layukan har wani ɓangarensu ya fita daga taga, don haka dole a baje samfurorin daidai da haka kafin a kwatanta. Na biyu, idan akwai iskar gas mai zafi ko kaɗan ce, layin haskenta na Hβ yana cike ramin Hβ na taurari, ramin ya zama marar zurfi, galaksin ya fito da shekarun da ba nasa ba. Na taɓa samun amsar da ta zarce shekarun sararin samaniya kansa ta wannan hanya, kuma sai da na koma na ƙura wa zanen ido na ga ɗan tsinin haske a tsakiyar ramin. Idan an ga alamar gas a Hα ko a 5007, a jingina da Hδ, wanda gas ba ta cika shi sosai.

Yawan ƙarafa ana rubuta shi ne da logaritim bisa na rana. Sifili yana nufin daidai da rana, −1 kashi ɗaya cikin goma, +0.3 ninki biyu.

Mataki na 6: magniziyam da baƙin ƙarfe

Wannan awo ƙarami ne amma yana faɗin abin da sauran ba sa faɗa, wato tsawon lokacin da aka ɗauka ana haihuwar taurarin. Oksijin da magniziyam daga manyan taurari suke fitowa, waɗanda suke fashewa cikin shekaru miliyan kaɗan zuwa ƴan gomiya. Mafi yawan baƙin ƙarfe kuwa daga wata irin fashewa ce ta farin wadan tauraro, wato ragowar tauraro irin rana bayan ya mutu, wadda take jinkiri, sau da yawa ɗaruruwan miliyoyin shekaru ko fiye. Galaksin da ya gama haihuwa da wuri taurarinsa sun samu magniziyam amma baƙin ƙarfen bai riske su ba. A zana Mgb a kan matsakaicin layukan 5270 da 5335, a kwatanta da samfurori. Manyan galaksi masu siffar ƙwai sukan nuna rinjayen magniziyam na wajen +0.2 zuwa +0.3 bisa na rana, shaidar cewa sun tara taurarinsu cikin gaggawa tun da daɗewa.

Mataki na 7: dama furar da kanka

Mai sayar da fura da ta ƙware, idan ta ɗanɗani damun wata, tana iya komawa gida ta yi ta gwada yawan gero da nono da yaji har ta samu irinsa. Haka ake yi da dukkan bakan a lokaci ɗaya. Beatrice Tinsley ce ta share wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1960. Ana lissafa hasken garken da aka haifa rana ɗaya da ƙarafa iri ɗaya, a shekaru dabam-dabam, ta hanyar haɗa ka'idar rayuwar taurari da bakan hasken taurari na gaske da kuma ƙiyasin yawan manya da ƙanana a wajen haihuwa, irin wanda Edwin Salpeter ya fara bayarwa a 1955. Samfurorin Gustavo Bruzual da Stéphane Charlot na 2003 sun shahara, haka ma na MILES, waɗanda aka gina a kan taurari 985 da aka auna a tsibirin La Palma na Sifaniya.

Manhajar da nake ba da shawara ita ce pPXF ta Michele Cappellari, wadda ake sakawa cikin Python, kuma tana zuwa da misalin aiki a kan bakan SDSS. A ba ta bakan da kuskurensa, a gaya mata cewa kowane ɗigo daidai yake da kilomita 69 a daƙiƙa, a daidaita kaifin samfurorin da na na'urar SDSS, a bar ta ta lissafa layukan gas tare da na taurari, a kuma ba ta damar gyara karkatar da ƙura ta jawo. Za ta dawo da gudun taurari da kason kowane samfuri a cikin damun. A zana abin da ya rage bayan an cire samfurin daga bakan gaske. Idan saura hayaniya ce kawai, madalla. Idan akwai tudu ko rami a kan wani layi, da sauran aiki.

Amsar shekaru iri biyu ce, kuma wajibi ne a faɗi wadda ake nufi. Akwai matsakaici bisa haske, akwai matsakaici bisa nauyi. Sababbin taurari suna da haske ƙwarai, ta yadda ƴan kaɗan daga cikinsu, kashi biyu ko uku cikin ɗari na nauyin garke, suna iya sa tsohon galaksi ya yi kama da matashi, kamar yadda ƴan fitilun babura suke rinjayar ɗaruruwan fitilun aci-bal-bal a kasuwar dare ga mai hange daga nesa. Shekarun haske kusan kullum sun gaza na nauyi, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita kanta labari ce.

Mataki na 8: idan akwai iskar gas

A galaksin da ke kan haihuwa, layukan haske suna ba da sinadaran gas ɗin da sababbin taurari suke fitowa daga ciki. Bayan an cire hasken taurari, a raba ƙarfin Hα da na Hβ. Idan babu ƙura amsar tana wajen 2.86, abin da ya haura haka kuwa aikin ƙura ne. Sannan a tabbatar taurari ne suke zafafa gas ɗin, domin baƙin rami, wato dunƙulen nauyi da ko haske ba ya kuɓuce masa, mai cin gas a tsakiyar galaksi ma yana yi. Zanen da Baldwin da Phillips da Terlevich suka kawo a 1981 shi ke rarrabewa, amma a taƙaice, idan layin naitirojin na 6584 ya haura kashi 60 cikin 100 na Hα, a yi hattara. Idan an tsallake wannan, ga lissafin Max Pettini da Bernard Pagel na 2004: a raba layin 6584 da Hα, a ɗauki logaritim, a ninka da 0.57, a ƙara 8.90. A ce rabon ya ba da 0.3. Logaritim ɗinsa −0.52 ne, amsar ta zama 8.60, alhali ta rana 8.69 ce a wannan ma'auni na oksijin, wato gas ɗin yana da wajen kashi 80 cikin 100 na oksijin ɗin rana. Layukan biyu suna dab da juna, don haka ƙura ba ta taɓa rabon. Sai dai hanyoyin lissafin oksijin sun sha bamban da juna, wani lokaci har ninki biyar, saboda haka ba a kwatanta galaksi biyu sai da hanya ɗaya.

Mataki na 9: gwada amsar kafin a rubuta ta

A ƙara wa bakan hayaniyar ƙarya daidai girman kuskurensa, a sake lissafi sau 100, a ga yadda amsar take yawo. A zana shekaru a kan ƙarafa na waɗannan gwaje-gwaje, za a ga ɗigogin sun jeru a karkace, inda shekaru suka ƙaru ƙarafa suka ragu, wato ruɗanin mataki na 5 ne ya sake bayyana. A sauya samfurori a sake, domin bambancin da ke tsakanin samfurori sau da yawa ya fi kuskuren awo girma. A tuna kuma cewa zaren gilashin da SDSS ya fara amfani da shi wajen kai haske cikin na'ura yana ɗaukar daƙiƙar kusurwa 3 ne kawai na sama, wanda a z na 0.1 ya yi daidai da faɗin tafiyar haske ta shekara wajen dubu 18, alhali faifan galaksin da duniyarmu take ciki ya kai dubu 100. Tsakiya muka auna, ita kuma ta fi gefe yawan ƙarafa a mafi yawan lokuta.

Gwaji na ƙarshe shi ne na iyaka. Sararin samaniya yana da shekara miliyar 13.8 yanzu, yana da wajen 12.5 a z na 0.1, wajen 5.9 a z na 1, wajen 3.3 a z na 2, kuma babu garken da zai girmi wannan. A z na 2 gangaren 4000 ya koma 12000, inda ido da na'urar SDSS ba sa gani, shi ya sa mafiya nisa sai na'urar James Webb mai madubi na mita 6.5, wadda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ta kuma gano galaksi irin su JADES-GS-z14-0 da haskensu ya taso shekara wajen miliyan 300 bayan farkon sararin samaniya. Matakan ɗaya ne a can ma, sai dai an fi dogara da layukan gas saboda hasken taurarin ya yi rauni. Ga namu galaksin, a rubuta sakamakon da lambar fayil, da z, da Dn4000, da shekarun haske da na nauyi kowanne da faɗin kuskurensa, da yawan ƙarafa bisa na rana, da sunan samfurorin da aka yi aiki da su, domin ɗalibin da ke zaune a Maraɗi ko Yamai ya iya sauke fayil ɗin nan ya sake lissafin daga farko.